Ciki da Falon da Ya Raba Salissou da Iyalinsa

Akwai wani mai fiɗa a mayankar Oko-Oba da ke unguwar Agege a Legas, mutumin wani ƙauye ne a gefen Tasawa ta ƙasar Nijar, sunansa Salissou. Ku gyara zama jama'ar wannan shafi, musamman ku samarin da ke ganin da an haɗa kuɗin haya shi ke nan an zama magidanci. Labarin ba mai daɗi ba ne, tun yanzu nake faɗa muku.

Shekara biyar Salissou ya yi a Agege, a gidan Alhaji Audu dillalin shanu. Alhaji shi ne mai masaukin fataken da ke kawo shanu daga Arewa, kuma samarin da ke masa aikin fiɗa da ɗaukar nama a zaurensa suke kwana. Su goma sha ɗaya ne a lokacin, ba wanda ke biyan ko sisi na haya.

Abinci kuwa tukunya ɗaya ce. Yayar Alhaji ke riƙe da ita, wata dattijuwa haifaffiyar Legas mai suna Iyatu, wadda kowa ke kira Iya. Duk wanda ya dawo daga mayanka sai ya miƙa mata ɗan abin da aka ba shi na tsoka ko kayan ciki, ita kuma ta san yadda za ta yi kwano ya fito rana da dare.

Aikin ma a ƙofar gidan ake raba shi. Da an sallame sallar asuba, Alhaji zai tsaya ya ce wane da wane ku kama shanun wane, ku kuma ku bi mahautan Ebute Metta. Wanda idonsa ya gani shi yake ba. Ba a kiran kowa a waya, domin kafin ƙarfe bakwai dole nama ya kama hanyar kasuwanni.

Salissou hannunsa na da kyau. Zai feɗe sa tas bai huda fatar ko wuri ɗaya ba, shi ya sa kusan kullum da sunansa ake farawa.

Abin da ke cin ransa guda ɗaya ne. Matarsa Mouna da 'yarsu Haoua suna can gida. Sau ɗaya yake zuwa a shekara. Haoua ta kai shekara uku, amma duk kwanakin da ya yi da ita ba su cika wata biyu ba. Ga naira ta lalace, abin da zai aika idan an juya shi zuwa sefa sai ya zama abin kunya. Burinsa kawai ya ɗauko su su zauna tare, kuma a kan wannan ba wanda zai ga laifinsa.

Sai Babbar Sallah ta zo.

Wanda ya san Legas ya san abin da layya ke yi wa mai wuƙa. Gidan nan a kira shi, gidan can a kira shi, wannan rago, wancan sa. A cikin kwana goma Salissou ya samu abin da yakan yi wata biyu bai gani ba. Da ya haɗa da ajiyarsa ta shekaru, sai ga shi da naira dubu ɗari tara.

Nan fa kai ya ɗau zafi. Ya zauna a kan benci ya yi lissafinsa da ka. Ya ce shi dai abin da yake kashewa a rana bai wuce dubu ɗaya da rabi ba, shayi da biredi da katin waya. Idan aka ƙara mace da yarinya, a ce dubu huɗu. Samu kuwa, ko an rage rabin abin da yake samu a 'yan kwanakin nan, ai ya isa har da ragi.

Kun ga mutumin da ya auna shekara guda da makon layya.

Da yamma ya sami Iya tana tankaɗe a tsakar gida, ya faɗa mata zai kama ɗaki ya ɗauko iyalinsa.

Iya ta yi murna ƙwarai. Ta ce, "Ma sha Allah, Salisu. Oya zauna. Akwai ɗaki ɗaya a bayan layin nan, mai gidan ƙawata ce, ba ejan ba komai. Banɗaki na haɗaka ne dai, amma da ƙafa za ka zo masallaci, matarka kuma ta wuni a wajena."

Salissou ya yamutsa fuska. Ya ce, "Iya, ɗaki guda? Matata ta bi layin banɗaki da mazan wasu? Ni ciki da falo nika so. An ce mini can gaba da Sango, in an fita Legas, da kuɗin wanga ɗaki naki sai in samu ciki da falo da banɗaki a ciki."

Iya ta ajiye rariya ta dube shi.

"Tsaya in tambaye ka. Shekararka biyar a garin nan. Ka taɓa sayen gishiri?"

Ya yi dariya.

"Ba wasa nake ba. Nawa ne jarkar ruwa? Nawa ne kilon gas? Mudun shinkafa fa? Ruwan da kake wanka da shi kullum, ka san wa ke biyan kuɗinsa? Kai abin da ke fita daga aljihunka kaɗai ka sani, ba ka san abin da ke fita dominka ba. Ka ɗauki biro da takarda mu zauna, ni in faɗa kai ka rubuta. Idan ya fita, ni da kaina zan raka ka."

Wallahi da ya zauna na minti goma da labarin nan bai zo muku ba. Amma sai ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce, "Iya, ke dai tuwo kika sani. Lissafin gida na maza ne."

Matar da ke ciyar da ƙarti goma sha ɗaya kullum ita aka gaya wa haka. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗenta.

Alhaji Audu ma da ya ji, magana ɗaya ya yi. Ya ce, "Salisu, ni ba zan hana ka ba, aure ya fi zaure. Amma ka san yadda muke aiki. Saniya ba za ta jira motar danfo ba."

Salissou ya ce, "Alhaji, ai kafin ladan ya yi kira ina nan."

Wani ejan, wato dillalin gidajen haya, ya kai shi ya ga gidan ranar Lahadi, ranar da titi ke fayau. Cikin minti arba'in suka isa. Salissou ya ce ai nan da Agege kusa ne.

Haya dubu ɗari huɗu a shekara, a biya gaba ɗaya. Ya ƙirga ya bayar yana murmushi. Sai aka ce saura kuɗin ejan, da kuɗin takardar yarjejeniya, da wani kuɗi da ake ajiyewa wai ko za ka lalata wani abu. Suka tashi dubu ɗari da tamanin. Kuɗin sun yi masa yawa, amma ya riga ya ɗauki hoton falon ya tura wa mutanen ƙauyensu, ina zai ja da baya.

Falo kuma ba ya zama haka nan. Ya sayi kujeru, da labule, da talabijin, da katifa, da fanka, da tukunyar gas. Ya aika kuɗin mota. Ranar da Mouna da Haoua suka sauka a tasha, abin da ya rage a hannunsa naira dubu ashirin ne.

Makon farko kam an sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Mouna ta yi ta shafa labule tana dariya. Haoua, da ta yi kwana biyu tana ɓuya a bayan uwarta, ta fara hawa wuyansa. Salissou ya ji duk wahalar shekara biyar ta wuce.

Ranar Litinin ta biyu ya san inda ya kama gida.

Ya fito da wuri, amma danfo sai ya cika yake tashi. Aka shiga gosulo, motoci sun cushe tun daga kan iyakar Legas. Da ya isa ƙofar Alhaji ƙarfe bakwai da rabi, ba kowa sai takalman tsofaffi a bakin masallaci. An raba aiki, an tafi. Ya ƙarasa mayanka ya samu ɗaukar nama guda biyu, abin da aka ba shi da ƙyar ya biya kuɗin motar zuwa da komawa.

A mako yakan dace sau biyu ko uku. Sauran ranakun ya biya kusan dubu uku na mota ya je ya kalli wasu suna aiki. Wani Mato, wanda a da shi ke riƙe masa ƙafar sa, shi aka koma farawa da sunansa.

A gida kuma baki ya buɗe ta ko'ina. Famfon gidan ado ne, ruwa sai an saya wajen mai kura. Gas ɗin da ya ɗauka zai yi wata biyu, a kwana goma sha takwas ya ƙare. Mai gidan ya turo takarda: kuɗin wuta, kuɗin shara, kuɗin masu gadin layi. Salissou ya ce shi bai san da wannan ba. Mai gidan ya ce yana cikin takardar da ya sa wa hannu.

Ga sabulu, ga ashana, ga manja, ga maganin sauro. Haoua ta yi zazzaɓi na kwana uku, kuɗin kemis ya cinye na cefanen mako. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga lissafin kan benci.

Mouna ba mai yawan magana ba ce. Ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turanci, kuma duk layin ba mai jin Hausa sai mai kurar ruwa. Wuni take a ɗaki ita da 'yarta. Ta ce a bar ta ta riƙa soya awara a ƙofar gida, mai gidan ya ce ba a hura masa gawayi a gida.

Wata rana ta ajiye masa garin rogo da ɗan ƙuli, ta zauna a gefe. Ta ce, "Maigida, mi zai hana mu saida kujerun nan? Ba mai zuwa wajenmu balle ya zauna. Mu tai wajen Iyar da kake faɗi, ko ɗakin nan nata yana nan."

Ya ture kwanon. Ya ce, "In koma in ce mi? Su Mato su yi mini dariya? Ki bari, sanyin kasuwa ne, zai wuce."

Ba sanyin kasuwa ba ne. Haka kasuwar take tun fil azal, layya ce ta rufe masa ido.

A wata na uku talabijin ta tafi, a rabin kuɗinta. A na huɗu ya sayar da wayarsa ya sayi 'yar ƙarama. Daga nan ya fito da dabarar da ta fi komai ba ni haushi a labarin nan. Ya ce tunda kuɗin mota ke cinye shi kuma yana rasa rabo, zai riƙa kwana a masallacin Agege daga Litinin zuwa Juma'a, ya dawo gida ƙarshen mako.

Ku duba fa. Mutumin da ya ɗauko iyalinsa tun daga Nijar don su zauna tare, ga shi yana kwana a tabarmar masallaci, su kuma suna can cikin baƙin mutane. Zauren Alhaji na nan taku ashirin, amma girman kai ya hana shi shiga. Idan Iya ta aiko masa da kwano sai ya ce ya ƙoshi. Idan ta tambayi Mouna sai ya ce lafiya lau, suna gaishe ki.

Ranar Litinin zai ajiye wa Mouna dubu uku ko huɗu, ya ce ta lallaɓa. Ita kuma sai ta lallaɓa ɗin. Ta daina sayen ruwa, ta koma ɗebowa da bokiti daga wata rijiya a gangaren layi, sawu shida ko bakwai a rana. Abinci ta ba Haoua, ita ta sha ruwan gari.

Abin da Salissou bai sani ba, Mouna na da ciki wata uku. Ba ta faɗa masa ba. Tana jiran ranar da zai shigo fuskarsa a sake, ranar kuwa ba ta zo ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kama hanyar gida da ledar nama da mudun shinkafa biyu. Makon ya yi kyau, har da alewa ya saya wa Haoua.

Ya tarar da ƙofarsa a rufe. Haoua na zaune a ƙofar maƙwabciyarsu, wata Bayarabiya mai sayar da kayan miya da ake kira Mama Bose, tana cin amala da hannu biyu.

Mama Bose ta miƙe ta hau shi da faɗa, Yarabanci da Turancin Legas a haɗe. Daga baya ta sassauta ta yi masa bayani yadda zai gane. Tun ranar Laraba Mouna ta faɗi a hanyar rijiya da bokiti a ka, jini na zuba. Su suka kwashe ta zuwa wani ƙaramin asibiti. Sun nemi lambarsa, wayar Mouna ba caji, an yanke wutar ɗakinsu tun ranar Talata saboda ba a biya ba, su kuma ba su san inda yake aiki ba.

Ledar naman ta faɗi daga hannunsa.

A asibiti ya same ta a kwance, ta yi fari fat. Ma'aikaciyar jinyar ta ce cikin ya zube. Ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, ta tambaye shi ko matar nan tana cin abinci kuwa.

Salissou ya ce, "Wane ciki?"

Mouna ta juya fuskarta bango.

Kuɗin asibitin ya fi ƙarfin abin da ke aljihunsa nesa ba kusa ba. A ranar ya koma Agege, ya shiga tsakar gidan da ya yi wata biyar yana kauce wa, ya durƙusa a gaban Iya. Sai ya fashe da kuka.

Iya ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta ɗauki mayafinta da jakarta, ta ce, "Tashi mu je."

Ita ta biya asibiti. Ita ta ɗauko Mouna da Haoua ta kawo su ɗakinta, ta yi mako biyu tana mata farfesu da kunu. Sau ɗaya kawai ta yi wa Salissou faɗa, ranar da ta ga ƙasusuwan wuyan Mouna wajen canza mata riga. Ta fito ta same shi a ƙofa ta ce, "Salisu, yarinyar mutane ka ɗauko. Da ka ce mini babu, ai da na aika mata ko tuwo ne. Kunyar wa kake ji da ta fi ranta?"

Ya nemi ɗakin bayan layi, an daɗe da ba wani. Ya je wajen mai gidan da yake haya ya roƙi a mayar masa da kuɗin wata bakwai da suka rage, ko rabi ne. Mai gidan ya ce ba a mayar da kuɗin haya, kuma kuɗin ajiyar ma an cire bashin wuta da na shara a ciki.

Labari ya kai ƙauye. Mahaifin Mouna ya kira Alhaji Audu da kansa, ya ce shi bai ce a raba aure ba, amma a sa masa 'yarsa a mota. Kuma gidansa za ta sauka, ba gidan iyayen miji ba, sai ranar da ya ga abin da zai gamsar da shi.

Kujerun da Salissou ya ƙi sayarwa don a ci abinci, su ya sayar a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu ya biya musu mota.

A tasha da safe, an gama ɗaure kaya, Haoua ta riƙe wandonsa ta ƙi saki. Sai da Iya ta ɓamɓare hannunta ta miƙa ta ta taga. Mouna na zaune a ciki, kanta a sunkuye.

Ya matso ya ce, "Ki yafe mini. In Allah ya so, layya mai zuwa..."

Ta ɗago ta dube shi. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

Ta ce, "Na yafe maka, Maigida. Amma kar ka sake aiko mana sai ka san abin da za mu ci. A gida ma kewarka nike, amma can ina yin ta da abinci a cikina."

Direba ya tayar da mota.

Salissou ya tsaya har ta fice daga tasha. A aljihunsa akwai makullin ciki da falo da banɗaki, an biya har wata bakwai masu zuwa, kuma ba shi da kuɗin motar da zai je ya kwana a ciki. Ya bi bayan Iya da ƙafa suka koma gida. Yanzu ana neman shekara biyu, Mouna ba ta dawo ba.

Darasi: Kuɗin haya shi ne mafi sauƙi a cikin kuɗin zama da kai, domin shi kaɗai ake faɗa maka tun farko. Kafin ka bar gidan da ake ciyar da kai, ka zauna da wanda ke riƙe da tukunyar gidan, ka rubuta komai, tun daga ruwa da gas da mota har zuwa gishiri da magani. Ka yi lissafi da samun ranar da kasuwa ta mutu, ba na ranar da ta cika ba. Ka kama ɗakin da ya yi daidai da aljihunka kuma yake kusa da abincinka, ka bar wani abu a gefe don ranar ciwo. Idan kuma abu ya fi ƙarfinka, ka buɗe baki da wuri, domin ba kai kaɗai ke biyan kuɗin girman kanka ba, na ƙarƙashinka su suka fi biya. Ku tura wa duk wani ƙani ko aboki da kuka san yana neman ɗaki a 'yan kwanakin nan, ya karanta kafin ya miƙa wa ejan kuɗinsa.